Ragowar Auta

A gidanmu na Kano ƙanena ne auta, kuma shi ne mai ragowar Baba. Duk abin da aka kai wa Baba a langa, tuwo ne ko dambu ko shinkafa, ba ya cinyewa. Sai ya ture tsokar da ta fi kyau gefe guda, ya rufe langar, ya ƙwala kira: “Auta!” Mu manya muna tsakar gida muna haɗiyar miyau, shi kuwa ya fito rungume da langa yana yi mana gwalo. Ya sha ranƙwashi a hannuna saboda gwalon nan. Mama ta ce ragowar ce ta lalata masa harshe, don tun yana firamare yake iya ce mata yau daddawa ta yi yawa a miya, in ta ɗanɗana kuma sai ta ga da gaskiyarsa.

Ni na fara zuwa Amurka. Na biyo maigidana, na samu aiki a wani kantin magani a Silver Spring. Bayan 'yan shekaru Auta ya zo karatu, ya zama injiniya, wani kamfani a Greenbelt ya ɗauke shi. A lokacin katin waya muke saya a shagon 'yan Afirka mu kira gida, kuma ko minti biyar ya rage a katin sai Baba ya cinye uku wajen tambayar lafiyar injiniya. Tsohon hedimasta ne, ya yi shekara talatin da wani abu yana koyarwa, amma a unguwa an daina kiransa da komai sai baban injiniya. Shi ma ya fi son hakan.

Wata Lahadi Auta ya zo gidana, ya ci tuwona ya ƙoshi, ya wanke hannu, sannan ya ce mini ya ajiye aiki. Wai ya koma kicin ɗin wani gidan abinci a cikin Washington, wurin wani tsohon kuku ɗan Japan. Ashe ya fi shekara yana zuwa can duk ƙarshen mako yana wanke musu shinkafa.

“Kuku?” na ce. “Kai? Duk karatun nan, duk sanyin da ka sha, a tukunya za ka ƙare?”

“Yaya, ki zo ki ci tukuna, sannan ki yi faɗan.”

“Ni zan ci ɗanyen kifi? Allah ya sawwaƙe!”

Na yi masa tatas ranar, har maigidana ya fito daga ɗaki yana ba ni haƙuri. Amma bayan sati biyu na je, kuma na je ne da niyyar in ga abin kushewa in dawo da shi.

Wurin ɗan ƙarami ne, ko allo babba babu a ƙofa. Doguwar kanta ce ta farin katako, kujeru goma sha biyu a gabanta, masu girki suna tsaye a bayanta kana kallon hannunsu. Ba a ba ka takarda ka zaɓa. Ka zauna ke nan, abin da tsohon ya ga dama shi za a kawo, kaɗan-kaɗan, kwano bayan kwano har kusan goma. Da aka dire mini na farko na leƙa na ga ruwa ne garau da ɗan ɓawon lemo yana yawo a kai. Na ce a raina, lallai yau an raina mini hankali. Na kurɓa.

Wallahi ban san ruwa yana iya ɗaukar daɗi haka ba. Romon busasshen kifi ne da ganyen teku, babu maiƙo, babu yaji, amma sai da na ji kunnena ya motsa. Daga nan aka kawo kifin da na rantse ba zan ci ba, an yanka shi siriri, an ɗiga masa man zaitun, tsohon ya haska masa wutar gas ta hannu irin ta masu walda. Ya narke a bakina kafin in yanke shawarar ko zan tauna. Aka kawo shinkafarsu an dafa ta irin dahuwar Italiya, da cuku da laimar kwaɗi. Aka kawo farin kifi a cikin miyar man shanu ta Faransawa, an haɗa ta da daddawar Japanawa, wadda suke yi da waken suya. Tsohon ya koyi girki a ƙasarsu, ya yi shekaru a Faransa, ya zo nan yana aurar da wannan ga wancan yadda ransa ya so. A kwano na shida na juya na ce wa wata Baturiya da ban taɓa gani ba, da Hausa, “Baiwar Allah, kin ji abin da na ji?” Auta yana can ƙarshen kanta yana goge wuƙa, na ga kafaɗarsa tana rawa don dariya. Har yau bai daina yi mini gorin santin nan ba.

A jirgin ƙasa na Metro na komawa Silver Spring na kasa zama. Na riƙe ƙarfe ina murmushi ni kaɗai. Tun daga ranar na zama mai tallan girkin nan, na dami abokan aikina da labari, na ja maigidana ya je, ya dawo yana cewa daɗi kam akwai, amma a ɗumama masa tuwon jiya.

Matsalar ɗaya ce, Baba. Shekara biyu muna ce masa injiniya yana lafiya, aiki ya koma cikin Washington. Ba mu yi ƙarya ba, ba mu kuma faɗi gaskiya ba, kuma ni na tsara hakan. A cikin shekara biyun nan Auta ya tashi daga wankin shinkafa zuwa yankan ganye, daga nan zuwa romo, har tsohon ya yarda a sa girki guda na ƙirƙirarsa a cikin jerin da ake kawo wa baƙi.

Sai Baba ya zo aikin ido. Aka yi lafiya, ya zauna a gidana yana murmurewa. Abinci ne dai ban gane masa ba. Kullum na kai masa sai ya rage, naman ma ba ya cinyewa. Na ɗauka kazar Amurka ce ba ta yi masa ba, don ni ma da farko haka na ji ta kamar soso. Na yi ta mita ina sakawa a firij.

Auta ba ya samun zuwa sai ranar Litinin da safe, ranar da ba sa buɗewa. A Litinin ta biyu ya durƙusa a gaban Baba a falo ya faɗa masa komai da bakinsa. Ni ina kicin na ƙure famfo don kada in ji, ina kuma miƙa kunne.  Can Baba ya ce, “Girki.”  Sannan ya ce, “Zan je in gani.”

Da na raka Auta mota ya ce, “Yaya, in Baba ya ce in bari, zan bari. Ba zan yi sana'ar da babu albarkarsa ba.”

“Kai ma ka fiye tsoro. In ya ci ai shi ke nan.”

“Ba ki gane ba. Tsohon kukun nan, *Chef*, ba ya tambayar mutum ko abinci ya yi daɗi. Kwano yake dubawa. Duk kwanon da ya dawo sai ya bi ta hannunsa. In ya dawo wayam, to. In ya dawo da ko loma ɗaya, ranar babu mai sakewa a kicin, sai an gano abin da ya lalace. Ni ma yanzu haka nake karanta mutane.”

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ni zan zauna kusa da Baba.

Kada a so a ga shirin da aka yi. Tsohon da ya ji mahaifin yaronsa zai zo, sai ya ɗauki abin da zafi. Yawancin miyoyinsu da 'yar giyar shinkafa ake haɗawa, to tun zuwana na farko Auta ya sa ana cire mini. Wannan karon tsohon ya ce cirewa kawai ba ta isa ba, ya shafe mako guda yana sake haɗa kowace miya daga tushe. Ni aka aika shagon halal da muke sayen nama in zaɓo haƙarƙarin rago. Na saya wa Baba sabon turare, na goge masa babbar riga da kaina har sau biyu. Daren jajibiri na kasa zama wuri ɗaya, maigidana ya ce ko ranar aurenmu ban yi wannan rawar kan ba.

An ba mu zaman farko, ƙarfe biyar da rabi. Bazara ce, rana ba ta faɗuwa da wuri, muka yi la'asar a gida muka fito. A hanya na cika Baba da surutu. Baba za ka ga romo, Baba akwai wani koren abu kada ka lakato da yawa yana hawa kai, Baba kifin ba ya ƙarni. Ya ce, “Ke za ki ci mini ne?” Na kama bakina, na minti biyu.

Farar babbar rigar nan da ta shiga ƙofa, kowa a kanta sai da ya juyo. Tsohon ya fito daga bayan kanta ya sunkuya, Baba ya dafa ƙirji ya ɗan rusuna, suka tsaya suna kallon juna, tsofaffi biyu masu furfura. Auta yana baya cikin farar riga da ƙyalle a ɗaure a kai, ya durƙusa daga can ya ce, “Sannu da zuwa, Baba.” Baba ya dube shi sama da ƙasa ya ce, “Yawwa.”

Aka kawo tawul mai zafi na goge hannu. Baba ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya ya ce, “Mutanen nan sun san tsabta.” Na ji kamar in yi guɗa. Ya ture tsinkayen da Japanawa ke cin abinci da su gefe, ya naɗe hannun riga, ya yi bismilla. Daga nan kuma na san ba zai ƙara magana ba, don Baba ba ya magana in yana cin abinci.

Romo ya zo. Ya kurɓa, ya lumshe idon da ba a yi wa aiki ba, ya sake kurɓa. Sai ya ajiye kwanon da kusan rabi a ciki. Yarinyar da ke hidima ta jira, ta ga ya naɗe hannu, ta ɗauke. Na bi kwanon da ido har hannun tsohon. Ya leƙa, ya karkata shi, ya sa cokali ya ɗanɗana, ya dubi Auta. 

Kifi ya zo yanka uku. Baba ya ci biyu, ya bar na tsakiya, wanda ya fi maiƙo. Aka kawo 'yan dunƙulen shinkafa biyu da kifi a kai, ya ɗauki ɗaya da hannu ya ci, ya bar ɗaya. Shinkafar Italiya ya raba ta biyu da cokali, tsaf kamar da ma'auni, ya ci rabi. Duk kwanon da ya koma sai tsohon ya duba, ya ɗanɗana miyar da ke tukunya, ya yi wa masu taimaka masa magana ƙasa-ƙasa. Aka fara rage gishiri, aka ƙara. Zufa ta jiƙa ƙyallen kan Auta. Sau ɗaya muka haɗa ido, na ga ya riga ya yanke wa kansa hukunci.

Na matsa na ce, “Baba, bai yi daɗi ba ne?” Ya ɗaga mini hannu, alamar in bari. Ni kuma abincin da nake mafarkinsa ya koma mini kamar dusa. Raina ya fara ɓaci. Na ce a zuciyata, in ba ka so ai sai ka faɗa a gida, ba ka zo ka kunyata yaro a gaban maigidansa ba. Ban taɓa jin haushin Baba kamar na wannan lokacin ba, kuma har yau ina jin kunyar hakan.

Da aka kawo ragon da na zaɓo, an gasa shi da daddawarsu, Baba ya ci yanka ɗaya ya bar tsokar da ke jikin ƙashi. Tsohon ya kasa haƙuri. Ya sunkuyo wajena ya ce da Turanci, a hankali, “Ban gane ba. Kullum wanda ya fi kyau yake bari.” Maganar ta shige ni ta wuce. Shekara goma sha biyar ke nan rabona da cin abinci a tsakar gidanmu, tsoro kuma ya toshe mini kai, wallahi ban tuna komai ba.

Wannan karon Baba ya bi kwanon da ido. Ya ga ya bar hannun tsohon, ya ga an ɗaga labulen baya, ya ga an karkata shi an kankare tsokar a cikin bola. Ya miƙe zaune. Fuskarsa ta haɗe.

Sai ga girkin Auta. Shi ya kawo da kansa, ya dire ɗan kofi mai murfi a gaban Baba ya koma baya. Ƙwai ne aka turara da romo har ya yi laushi kamar kindirmo, da naman ƙaguwa a kai, an zuba masa man shanun da aka soya har ya yi ja. A wurinsu dabarar Faransawa ce. Da Baba ya ɗaga murfin kuwa, ƙamshin da ya tashi na man shanun Mama ne, wanda take soyawa ta zuba a miyar kuka. Baba ya daɗe yana shaƙa. Ya ci cokali ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ya ture ƙaguwar gefe guda, ya mayar da murfi ya rufe.

Na ga Auta ya sunkuyar da kai ya kai hannu ga igiyar ƙyallen aikin da ke ƙugunsa zai kwance, alamar ya haƙura da girkin. Yarinyar ta matso za ta ɗauka. Baba ya ɗora tafin hannunsa a kan murfin.

“Ke,” ya ce da ni, “tambaye su. Wancan naman da na ga an zubar, sauran ma duk haka aka yi da su?”

“Eh, Baba. Ai abin da aka rage zubarwa ake yi.”

“Zubarwa? Inna lillahi! Ni ina nan ina danne raina ina ragewa, ashe bola nake ciyarwa? Wa ya ce su zubar? Na yaron nan ne!”

Sai a lokacin langar ta faɗo mini a rai, da tsakar gida, da gwalon. Na tuna firij ɗina cike da 'yan robobin naman da nake ta mita a kai. Na sa hannu na rufe baki, dariya da kuka suka taho mini tare, na rasa wanda zan fara.

Baba bai jira tafinta ba. Ya juya ga tsohon da Turancinsa na tsofaffin hedimastoci, kowace kalma a goge. Ya ce a gidansa uba ba ya cinye abin da ya yi masa daɗi, yakan bar mafi kyau ga ƙaramin ɗansa, kuma ga ƙaramin nan a tsaye. Ya ce romon farko ma da ƙyar ya iya ajiyewa. Tsohon ya tsaya baki buɗe, sannan ya sunkuya, sunkuyon da ya fi na ƙofa zurfi, ya ce a yafe masa, kwano bakwai ya zubar da rabon yaro. Baƙin da ke kanta duk sun ajiye tsinkayensu suna kallo.

Baba ya tura kofin zuwa bakin kanta, ya ɗaga murya irin ta da.

“Auta!”

A wannan kicin mai girki ba ya kai komai baki a gaban baƙi, sai ɗanɗano da bakin cokali. Auta ya dubi maigidansa. Tsohon ya karɓi wuƙar hannunsa, ya nuna masa hanya da kai. Auta ya zagayo, namiji mai gemu ɗan shekara talatin da biyu, ya durƙusa a gefen kujerar Baba ya karɓi kofin da hannu biyu. Yana ci hawaye yana ɗiga a farar rigarsa.

“Ci a hankali, babu mai ƙwace maka,” in ji Baba. Ya harare ni. “Sai dai wannan.”

Ya dafa kansa, a kan ƙyallen nan da ya jiƙe da zufa. “Allah ya yi wa sana'arka albarka. Ka riƙe maigidanka da amana, ya san aikinsa. Amma ka gaya masa ya ƙara auki.”

Na ce amin da ƙarfi har Baturen da ke kusa da ni ya firgita. Auta ya sa cokali yana kankare gindin kofin. Baba yana kallonsa har ya gama, sannan ya karɓi kofin ya leƙa, ya ga wayam, ya miƙa wa tsohon da kansa.

“Tun da ka tafi ban fasa ragewa ba,” ya ce da Auta, ya rage murya yadda mu biyu kawai za mu ji. “Jikoki ne suke ɗauka. Amma kullum kafin in kira su, sunanka ne yake fara zuwa bakina.”